Saitin Ko-ta-kwana: Yadda Ake Zaɓen Ƙarfen da Zai Tsaya Idan Madubin Bindiga Ya Gaza

Duk wanda ya saba kallon hotunan sojojin Amurka a Iraki ko Afganistan zai tuna da wani gajeren bututu mai gilashi da ke zaune a gadon bayan bindigarsu. Wannan kowa ya gan shi. Abin da ido ke tsallakewa shi ne wani ɗan guntun ƙarfe da ke kwance daf da bayansa, tsawonsa bai fi babban yatsa ba, an naɗe shi kamar wuƙar aljihu. Soja zai iya shekara guda bai ɗaga shi ba, amma duk da haka rundunar ta sa kuɗi ta saye shi, ta raba wa dakarunta tare da madubin.

Masu harkar bindiga a can suna taƙaita sunansa da haruffa huɗu, BUIS, wato saitin ƙarfe na ko-ta-kwana. Matsayinsa irin na fitilar ƙwai ne a gidan da ke da lantarki. Tana rataye a lungu har ta yi ƙura, sai daren da aka ɗauke wuta a tuna da ita, kuma a daren ne ake sanin ko da kananzir a cikinta, ko kuwa lagwaninta ya ƙone tun bara.

Zancen na Amurka ne tun daga tushe. A can doka ta yarje wa farar hula mallakar doguwar bindiga bisa sharuɗɗan tarayya da na jihohi, kuma miliyoyin mutane na riƙe da samfurin AR-15 don gasar harbi, ko farauta, ko tsaron gida. A Najeriya kuwa dokar makamai ta 1959 ta sa bindigogin soja a jerin waɗanda ba a riƙewa sai da izinin shugaban ƙasa, har bindigar toka ta maharbin ƙauye dokar ba ta bar ta ba sharaɗi ba. Don haka kasuwar da za mu leƙa kasuwar wasu ce. Abin da ya sa na ga ta cancanci a zauna a fashe ta shi ne, mafi yawan masu sayen wannan ɗan ƙarfe da tambayar "wanne ya fi kyau?" suke farawa, alhali tambayar da ke gabanta ita ce: ta wace hanya madubina zai iya yaudarata, kuma a ranar me zan so in tarar a kan bindigar?

Yadda na gaba ya koma baya

Har zuwa farkon shekarun 1990 saitin ƙarfe shi ne saiti, ba shi da wani laƙabi. Bindigar M16 da Amurka ta yi yaƙin Biyetnam da ita tana da wani mariƙi a sama kamar hannun akwati, a jikinsa aka gina hudar da ake leƙawa, can gaba kuma kusa da baki akwai 'yar hasumiya mai kusurwa uku ɗauke da tsinke. Ba a naɗe su, ba a cire su. Lissafi ya sauya ne lokacin da gajeruwar bindigar M4 ta zo da mariƙin da ake iya kwancewa, a ƙarƙashinsa kuma aka shimfiɗa wani layi mai tsaga-tsaga. A 1995 ma'aikatar tsaron Amurka ta tsayar da ma'aunin wannan layi da lamba MIL-STD-1913, aka kuma san shi da sunan Picatinny, wata cibiyar binciken makamai ta soja a jihar New Jersey. Daga tsaga zuwa tsaga santimita ɗaya ne da ɗigo. Tun daga nan duk kamfanin da ya ƙera madubi ko fitila ko saiti bisa wannan ma'auni, kayansa zai hau kowace bindiga mai layin.

A 1997 rundunar sojan ƙasa ta ba kamfanin Aimpoint na ƙasar Suwidin kwangilar madubi mai jan ɗigo, wanda ta raɗa wa suna M68. Kamfanin Trijicon kuwa tun 1987 ya fito da madubin ACOG mai kusanto da nesa ninki huɗu, dakarun kundumbala na ruwa suka rungume shi a tsakiyar shekarun 2000. Da madubi ya hau layi, mariƙi ya sauka, hudar baya ta tafi tare da shi. Wannan gurbi ne ƙaramin saiti mai naɗewa ya cike. Wanda sojan ƙasa suka fi rabawa na kamfanin Matech ne, mai ɗan hannun da ake turawa daga mita 200 zuwa 600.

Ba Amurkawa suka fara wannan tunani ba. Bindigar Dragunov ta Tarayyar Sobiyet, wadda ta shiga aiki a 1963, an ɗaura mata madubi ta gefe don a bar saitin ƙarfenta yana nan ana iya leƙa shi ta ƙasa. Bindigar Steyr AUG da Ostiriya ta ɗauka a ƙarshen shekarun 1970 da madubinta a jiki aka ƙera ta, amma sai da maƙeran suka bar wani ɗan saiti na gaggawa a saman bututun madubin. Kowa ya yarda da gilashi, babu wanda ya yarda ya miƙa masa wuya gaba ɗaya.

Shi saitin ƙarfe abu biyu ne, huda a baya, tsinke a gaba. Maharbi ya leƙa ta hudar, ya sa kan tsinken a tsakiyarta, sannan ya ɗora shi a kan abin da yake bara. Abu uku ke nan a nisa uku, ido kuwa ba ya kafewa a kan fiye da ɗaya a lokaci guda, shi ya sa ake koyar da cewa a kafe ido a kan tsinke, a bar sauran su yi dishi-dishi. Jan ɗigo ya sauke wa maharbi wannan nauyi: ido biyu a buɗe, yana kallon abin hari, inda ɗigon ya sauka nan harsashi zai je. Wannan sauƙi ne ya ba shi nasara, ba wanda ke jayayya a kai.

Akwai lissafi ɗaya da ya kamata mai saye ya riƙe a ka, na tazarar da ke tsakanin huda da tsinke. A kan M16A2 tazarar kimanin santimita 50 ce, a kan M4 kuwa kimanin 37. Idan maharbi ya kauce da milimita ɗaya tak wajen daidaita su, a nisan mita 100 harsashin doguwar zai kauce da santimita 20, na gajeruwar da santimita 27. Milimita ɗaya fa, kaurin farce. Daga nan ake gane abu biyu: gwargwadon nisan da aka ba su da juna, gwargwadon afuwar da za su yi wa kuskure, kuma duk saitin da ke ɗan rawa a mazauninsa, ko da ido ba ya ganin rawar, ba shi da amfani.

Mutuwar madubi iri uku

Ta farko ita ce wadda kowa ke faɗa, batir ya ƙare. A yau ita ce mafi ƙarancin aukuwa ga kaya masu inganci. Aimpoint ya ce samfurinsa CompM4 zai yi awa 80,000 a kunne da batir ɗaya irin na ƙaramar tocila, sama da shekara takwas ke nan. Amma ba kowa ke riƙe da irin wannan ba, kuma tsananin sanyi yana cin batir, tsatsa tana kama wurin da yake taɓa ƙarfe, mutum yana mantawa ya bar hasken a ƙure. A irin wannan mutuwar gilashin garau yake, ɗigon ne kawai babu. Taga ce ta zama, ana iya leƙa saitin ƙarfe ta cikinta.

Ta biyu ta fi ta muni: gilashin kansa ya toshe. Laka ta fantsama, ruwan sama ya kwanta, dusar ƙanƙara ta cika bututu, ko maharbi a dajin Montana cikin sanyin Nuwamba ya fitar da numfashi ɗaya a kan gilashi mai sanyi ya yi raɓa nan take, ko kuma a faɗi a kan dutse gilashin ya tsage kamar saƙar gizo. A nan duk saitin da sai ta cikin tagar ake ganinsa ya mutu tare da madubin. Mutane da yawa sun sayi ko-ta-kwana mai tsada ba su taɓa tsayawa sun yi wannan tunani ba. Mafita biyu ce kawai: ko madubin ya zama mai cirewa da hannu cikin daƙiƙu, ko saitin ya zama a inda gilashi ba ya tare shi, kamar a gefe.

Ta uku ita ce wadda ta fi tsorata ni, domin ba ta da alama. Ɗigo yana nan ja-wur, gilashi yana ƙyalli, amma inda yake nunawa ba nan harsashi ke zuwa ba. Noti ya saki, ko an bugi madubin a ƙofar mota, ko zafi da sanyi sun motsa wani abu a ciki. Wannan ba zato ba ne. A Nuwamba 2015 kamfanin L-3, mai mallakar kamfanin ƙera madubin bindiga na EOTech a lokacin, ya amince ya biya gwamnatin Amurka dala miliyan 25.6 don kashe ƙarar da aka shigar cewa ya sayar wa sojoji da jami'an tsaro madubai alhali an san saitinsu yana kaucewa a tsananin zafi ko sanyi, kuma laima tana rage musu haske. Mutumin da ke da saitin ƙarfe daidaitacce zai iya ɗaga shi ya duba, idan ya ga ɗigon ya bar kan tsinke ya san ɗayansu ya motsa. Wanda ba shi da shi sai bayan ya harba zai sani. Ga maharbi wannan yana nufin barewa ta gudu da rauni a ciki ta je ta mutu a wahalce cikin daji, abin da duk maharbi mai imani ke gudu. A ganina wannan aiki na shaida ya fi aikin maye gurbi muhimmanci, kuma shi aka fi mantawa da shi.

Madubinka ne zai zaɓar maka

Idan madubin mai jan ɗigo ne wanda ba ya kusanto da nesa, saitin ƙarfe zai iya zama a layi ɗaya da shi. Amurkawa suna kiran wannan da wata kalma mai ma'anar shaidu biyu a kan magana ɗaya, mu ce shaidar juna. Tsayin mazaunin madubi ne ke yanke yadda za ta kasance. Saitin ƙarfe na AR-15 yana tsaye kimanin inci 1.4 a saman layi, wato kusan inci 2.6 a saman tsakiyar bututun bindiga. Idan aka ɗora madubi a daidai wannan tsayi, huda da tsinke da ɗigo duk a cibiyar taga za su haɗu, kuncin maharbi ba ya motsawa daga inda yake a kan gindin bindiga. Idan aka ɗaga madubin zuwa inci 1.6 ko 1.7, saitin ƙarfen zai sauka kaso ɗaya cikin uku na ƙasan tagar, a kalli ɗigo ta samansa, in an buƙace shi a ɗan sunkuyar da kai.

Wannan ne ke warware tsohuwar gardamar kafaffe da mai naɗewa. Kafaffen saiti, irin wanda kamfanin Daniel Defense ko LMT ke ƙerawa, ba shi da gaɓar naɗewa, ba shi da sifirin ɗagawa, babu abin da zai karye ko ya maƙale, kuma ba ya jiran a ɗaga shi. Aibinsa ɗaya, yana tsaye a gaban ido koyaushe. In aka haɗa shi da mazauni mai ɗan tsayi, ya sauka ƙasan taga, aibin ya kau. Mai naɗewa kuwa ya fi dacewa da mazaunin da ke daidai tsakiya, domin yana kwance ya bar taga fes. Da ni ne mai bindigar da jan ɗigo kaɗai za ta ɗauka, kafaffe zan sa ba tare da dogon tunani ba. Duk gaɓar da aka ƙara wa ƙarfe, an ƙara masa wurin lalacewa, kuma lokacin da ake buƙatar ko-ta-kwana ba lokaci ba ne da hannu ke da sukunin lalube. Wasu kan raba gardama: kafaffe a gaba, mai naɗewa a baya. Haka M4 ta soja take, hasumiyarta ta gaba tana nan daram.

A 'yan shekarun nan an shiga yayin dogayen mazaunai, inci 1.93 har zuwa 2.26, don masu sa tabaran gani da dare ko abin rufe fuska su iya riƙe kai a miƙe. A wannan tsayi saitin da aka saba ko ya nutse can ƙasan taga ko ya ɓace gaba ɗaya, har wasu kamfanoni suka koma gina ɗan ƙaramin saiti a jikin mazaunin. Wanda ya sayi saiti kafin ya tsayar da mazauni zai iya tarar da kansa da kaya biyu masu kyau da ba sa ga maciji.

Su ma masu naɗewar ba ɗaya suke ba. Na kamfanin Magpul samfurin MBUS sifirin ke cilla shi sama da zarar an taɓa. Na kamfanin Troy da yatsa ake ɗaga shi ya kulle, ba ya komawa sai an danna maɓalli. Wanda ya kulle ba ya kwantawa idan reshe ya buge shi, wanda ke da sifirin kuwa ya fi saurin tashi. Akwai kuma masu gangar ƙara nisa, kamar na Knight's Armament mai lamba daga mita 200 zuwa 600. Kaya ne mai kyau, amma mai saye ya tambayi kansa da gaskiya yaushe rabon da ya harba abu a mita 500 da ƙarfe zalla. Ga mafi yawa, saitin da aka daidaita sau ɗaya aka bar shi ya wadatar, kuma gangar da ba ta nan ba za ta juya da kanta cikin jaka ba.

Lamarin yana sauyawa gaba ɗaya idan madubin mai kusanto da nesa ne. Ba a leƙa saitin ƙarfe ta cikin irin wannan, domin gilasansa suna narkar da duk abin da ke kusa, tsinken gaba ya zama inuwa, daga ninki huɗu zuwa sama ma kusan ba a ganinsa. Nan kafaffen baya ba shi da wuri, sai siriri mai naɗewa da zai kwanta ƙarƙashin bakin madubin ba tare da ya tura shi gaba ko sama ba. Kuma ba shi da amfani ko kaɗan sai in mazaunin madubin mai hannun cirewa ne. Na sha ganin hoton bindiga da saiti a kwance ƙarƙashin madubin da aka ɗaure da noti huɗu. Kafin mai ita ya nemo sifana ya kwance, abin da zai faru ya riga ya faru.

Maharban manyan namun daji a Tanzaniya da Zambiya da Zimbabuwe sun daɗe da sanin wannan. Bindigar ɓauna, irin mai cin harsashin .375 da kamfanin Holland & Holland na Landan ya fito da shi a 1912, takan zo da saiti buɗaɗɗe mai faɗin baki a baya da farin ƙwallo a gaba, madubin kuma a kan mazauni mai cirewa. Harbin farko da madubi ake yi. In dabbar ta ji rauni ta shige duhuwa, ya zama dole a bi sawunta, da yawansu sai su zare madubin su sa a jaka, domin ɓaunar da za ta taso daga taku goma ba ta buƙatar a kusanto da ita, faɗin gani ake nema. Kanar Jeff Cooper, wanda ya kafa makarantar harbi ta Gunsite a Arizona a 1976, da ya zayyana bindigar da yake ganin za ta yi kowane aiki, ya sa saitin ƙarfe na ko-ta-kwana cikin siffofinta, mai faffaɗar huda da siririn baki da ke ɓacewa a ido idan an leƙa.

Hanya ta biyu daga filin gasa ta fito: a karkata saitin gefe da digiri 45. Maharbi ya ɗan murɗa bindigar a kafaɗa, sai ga huda da tsinke a gaban idonsa, bai cire komai ba, bai taɓa komai ba. Wannan tsari yana amsa mutuwa ta biyu nan take. Aibinsa shi ne yana fitowa gefe yana kama igiya da ciyawa, ɓangare ɗaya yake yi wa aiki, don haka bahago sai ya nemi nasa ko mai juyawa, kuma dole a daidaita shi da bindigar a karkace yadda za a harba ta.

Roba ko ƙarfe

Nan mutane suka fi ɓata lokaci, kuma nan ne bambancin ya fi ƙanƙanta. Magpul, wanda wani tsohon sojan kundumbala mai suna Richard Fitzpatrick ya kafa a 1999, ya cika kasuwa da saitin roba mai tauri, biyun ba su kai giram 100 ba, kuɗinsu kuma bai kai rabin na manyan masu ƙarfe ba. Robar tana shanye bugu ta dawo, alminiyam in ya lanƙwashe ya lanƙwashe ke nan. Sai dai robar tana da kauri, ba koyaushe take shiga ƙarƙashin madubi ba, kuma tana da abokin gaba ɗaya, zafi. A kan bututun AR akwai wani dunƙulen ƙarfe inda hayaƙin harsashi ke bi ya koma baya ya juya injin bindigar, wasu irinsa suna da ɗan layi a sama. Wurin yana zafi ƙwarai, kamfanin da kansa ya yi gargaɗin kada a ɗora saitin robar a nan. Mai son siriri da ƙarfi sai ya koma na baƙin ƙarfe, kamar MBUS Pro.

Wannan dunƙule yana da wani tarko kuma. Layinsa sau da yawa yana ƙasa da na bayan bindiga a tsayi, don haka akwai saitin gaba iri biyu, dogo da na daidai. In aka haɗa ba daidai ba, za a murɗa tsinke har ƙarshensa harsashi bai zo inda ake so ba. Shi ya sa ya fi aminci a sayi gaba da baya daga gida ɗaya, kuma a tabbatar layukan biyu tsayinsu ɗaya.

Akwai kuma tambayar inda saitin gaba zai zauna. Tsohuwar hasumiya a jikin bututu aka kafe ta, duk inda bututu ya kalla nan take kallo. Na zamani a kan doguwar rigar da ke lulluɓe bututu ake ɗora shi, ana samun ƙarin tazara, abin so ne, amma in rigar ba ta ɗauru tamau ba, ko aka danna ta a kan dutse ko reshe ta ɗan lanƙwasa, tsinke ya motsa bututu bai motsa ba. Mu tuna da lissafin milimita ɗaya.

Abin da ya kamata a guje wa da gaske shi ne jabu. Intanet cike take da kwaikwayon waɗannan saituna da aka yi don bindigogin wasa masu harba ƙwallayen roba, har da tambarin kamfani a jiki. A hoto ba a bambance su. A kan bindigar gaske gaɓarsu tana rawa, notinsu yana cinyewa, bayan harbi kaɗan sun bar inda aka sa su. Araha ba ta ado, a nan kuwa ta wuce rashin ado, domin shaidar zur za ta bayar ranar da aka tambaye ta.

Ido ma yana da ta cewa

Leƙe ta huda tsohuwar dabara ce. Tun 1878 William Lyman na jihar Connecticut ya fara ƙera irin wannan saiti don maharba. Sirrinsa shi ne ido da kansa yake neman tsakiyar da'ira, kuma ƙaramar huda tana ƙara kaifin gani kamar yadda mutum ke ƙanƙance ido ya karanta rubutu mai nisa. Saitin M16A2 huda biyu gare shi: ƙarama da ba ta kai milimita 2 ba don nesa da rana tsaka, da babba mai kimanin milimita 5 don kusa da lokacin da haske ya yi ƙasa. Mafi yawan na ko-ta-kwana sun gaji wannan tsari. Abin dubawa shi ne wace huda ce ke fuskantar ido idan an ɗaga shi. Da yake gaggawa a kusa take zuwa, kuma sau da yawa da asuba ko magariba, babbar ta fi dacewa ta zama a gaba.

Tsinken gaba na soja kaurinsa kimanin milimita 1.8 ne, a kan gajeruwar bindiga yana rufe kusan santimita 40 a nisan mita 100. Masu gasa sukan sa siriri. Masu son gani cikin duhu sukan sa mai ɗigon sinadarin tiritiyam da ke haske da kansa, sai dai ya fi kauri, kuma hasken yana raguwa da rabi duk bayan shekara 12 da 'yan watanni.

Wanda ya haura shekara arba'in, ya fara miƙa takarda nesa kafin ya karanta, zai ga tsinke ya fara yi masa gizo. Gare shi ƙaramar huda da doguwar tazara taimako ne na gaske. Akwai kuma masu wata matsalar ido da ke sa jan ɗigo ya fashe musu kamar tauraro mai wutsiya. Irin waɗannan in suka ɗaga ƙaramar hudar baya suka kalli ɗigon ta cikinta, sau da yawa sai ya dunƙule ya koma ɗigo sosai. Amfani ne da ba a rubuta shi a kwalin ba.

Akwai masu cewa zamanin wannan ƙarfe ya wuce, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Ko a gasar bindigar soja ta Camp Perry a jihar Ohio, inda aka shekara da shekaru ana harba yadi 600 da huda da tsinke, tun 2016 aka yarda da madubi mai ninki har 4.5. Akwai madubai da aka zana alamar saitinsu a jikin gilashi, ko batir ya mutu baƙin zanen yana nan. Wasu kuma sun gwammace su ɗora ƙaramin jan ɗigo na biyu a gefe ko a sama. Duk gaskiya ne. Ga mai zuwa filin atisaye ranar Asabar ya koma gida, in madubi ya mutu ya naɗe kayansa, babu asarar komai. Amma ruwan saman da ya jiƙa gilashin farko shi zai jiƙa na biyu, sanyin da ya ci batir ɗaya zai ci ɗan'uwansa. Ƙarfe ba ya tarayya da gilashi a waɗannan raunuka, abin da ya sa yake nan har yau ke nan. Wanda ya yi tafiyar kwana uku cikin duwatsun Alaska don farautar shekara, ko ɗan sandan ƙauye da agaji ke nesa da shi, giram 100 ba nauyi ba ne a wurinsa.

Saura aikin da kuɗi ba sa yi. Saitin da aka fitar daga kwali aka ɗaura bai san inda harsashin wannan bindiga ke zuwa ba, sai an je fili an koya masa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Sojan Amurka kan daidaita a mita 25 don ya dace da 300, farar hula da yawa sun fi son yadi 50 da ke sake haɗuwa da layin gani wajen yadi 200. Ko wanne aka ɗauka, ya zama ɗaya da na madubin, kada kai ya riƙe lissafi biyu. Ƙa'idar murɗawa ita ce na baya yana bin inda ake son harsashi ya koma, na gaba yana saɓa masa: in ana son harbi ya hau, tsinke ƙasa ake yi da shi.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a daidaita jan ɗigo, sannan a murɗa ƙarfe har ya hau kansa, a ce an gama. Wannan kwafe ne, in na farko ya yi kuskure na biyu ya gaje shi. Kowanne da nasa harbin ake tabbatar da shi, a kashe ɗigon, a harba rukuni a kan takarda, a gyara, a sake. Wajen ɗaurawa a tura saitin zuwa gaba cikin tsagarsa kafin a matse noti, domin turin harbi can zai kai shi. A sa ɗigon maganin hana noti kwancewa, a ja ɗan layin fenti daga kan notin zuwa jikin saiti don in ya juya ido ya gani, a kuma rubuta lambar tsagar da yake ciki. Duk ranar da aka je fili a ware harsashi goma na ƙarshe, a kashe madubi, a ɗaga ƙarfe, a ga ko har yanzu shi da bututun bakinsu ɗaya.